Sauran Kifin Sabadu

A da, duk baƙon da ya sauka tsibirin Orango da jakar goyo a bayansa, in dai a bakin ruwan ƙauyenmu Anabaka kwalekwale ya ajiye shi, gidan Sabadu ake nuna masa. Babu allo a ƙofa, babu suna a bango, amma ko akuya ya bi za ta kai shi, don ita ma can take zuwa neman ɓawon mangwaro. Gidan laka ne mai jinka har kusan ƙasa, da baranda zagaye, da ɗaki biyu a ciki. Ɗaya Sabadu ke kwana. Ɗayan kuwa ɗakin miji muke ce masa a ƙauyen, ko da yake waɗanda suka kwana cikinsa sun fi ƙarfin lissafi kuma babu mijinta ko ɗaya a cikinsu.

Ranar Asabar aka haife ta, shi ya sa sunan, don da Kiriyol, yaren cinikin ƙasarmu, Sabadu ake ce wa Asabar. Gajeruwa ce, mai ƙarfin dantse, mai baki kamar barkono. Tana ciyar da baƙinta shinkafa da miyar gyaɗa, da ƙumbar da ta tsinto a laka in teku ta janye, da gasasshen kifi da lemun tsami. Abu ɗaya ne ba ta ɗorawa a wuta, shi ne jan kifi cikin manja. In baƙo ya ji labarinsa a tsibirin Bubake ya zo yana roƙo, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne, ɗana. Ci abin da aka ba ka."

Dalilin kuwa kowa a nan ya san shi. A wurinmu namiji ba ya neman aure. Mace ke dubawa ta zaɓa, ta dafa jan kifi cikin manja, ta kai gabansa ta ajiye tana kallon idonsa. Ya kai loma baki, magana ta ƙare: ita ta je ta gina gida, shi ya naɗe tabarmarsa ya tare. Ba irin yaran yanzu ba, da za su yi wata biyu a birnin Bisau su dawo suna tare 'yan mata a hanya da "ina son ki", ko kunya babu.

Lokacin da Sabadu ta isa zaɓe, ba a daɗe da tafiyar Turawan Fotugal ba, kuma idonta bai taɓa sauka kan kowa ba sai Okante. Dogo ne, baƙi wuluk, masunci, kuma in ya sa kan bijimi na itace ya shiga fili ranar rawa, tsofaffi ma sai sun miƙe. Kullum da la'asar yana gindin rimin bakin ruwa a kan kujerarsa 'yar tsugunno yana ɗinkin taru. Sabadu da ta taɓa korar dorina daga gonar shinkafa da gwangwani da ashar, in ta zo wucewa ta gindin rimin nan sai harshenta ya mutu. Shi ma ba a bar shi a baya ba. Da yake al'ada ta ɗaure bakinsa, abin da ya iya kawai ya yi: wata safiya aka wayi gari da jan kifi ƙato a rataye a ƙofar uwarta, ba a ga wanda ya kawo ba, amma ƙullin igiyar irin nasa ne.

Uwarta ta kwance kifin ta miƙa mata. "To, uwar tsiwa. Ga shi an kawo miki har gida. Ko shi ma ni zan dafa miki?"

Ta dafa. Ta zaɓi manja na sama-sama, ta daka barkono da albasa, ta bar shi ya nuna a hankali har ƙamshi ya tsallaka katanga. Ta zuba a sabon akushi ta nufi bakin ruwa. Da ta isa gindin rimi kujerar na nan, tarun na nan, mai su ba ya nan. Kwalekwalen Bubake ya iso, maza duk sun gangara jawo shi. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta tsaya da akushinta a hannu ta jira. Sai tsoro ya ba ta shawara, ta bi. Ta ajiye akushin kan kujerar, ta ruga bayan wani shinge ta laɓe tana leƙe.

A cikin kwalekwalen nan akwai abin da Anabaka ba ta taɓa gani ba. Mun san Turawa masu bindiga da Turawa masu ciniki da fadan coci mai farar riga, amma ba mu san Bature mai ɗaukar kayansa da kansa ba. Wannan siriri ne, rana ta mai da shi ja kamar an yi masa wanka da manja, ga jaka a bayansa ta fi kansa tsawo, an rataya mata tukunya da takalma da naɗaɗɗiyar tabarma. Yana taka yashi nauyin ya rinjaye shi ya faɗi rigingine a kan jakar, hannu da ƙafa suna ta wutsil-wutsil a sama. Wata mata ta ce, "Jama'a, ku juya kunkurun nan kada ya mutu!" Sunansa na gaskiya Yoris, amma daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da shi.

Aka juya shi. Ya tashi yana dariya, ya damƙi yashi ya watsa sama, yana ta faɗin wata magana da guntun Kiriyol ɗin da ya tsinto a hanya: "Ranar farko! Ranar farko!" Tun daga Bubake yake amai, cikinsa ba komai. Aka nuna masa inuwa, ya hau zuwa gindin rimi, ya tarar da akushi a kan kujera yana tururi, ba mai shi. Ya ɗauka tarbar baƙi ce. Duk da haka yana da ladabi, ya juya ga Iya Numa, babbar tsohuwar ɗakin tsafinmu, da ke zaune can gefe tana ɓarar gyaɗa, ya nuna akushin ya nuna bakinsa. Idon Iya Numa ya riga ya yi hazo, ga mura ta toshe mata hanci.

"Ci mana, ɗana," in ji ta. "Wa zai hana ka?"

Sabadu na bayan shinge tana gani. Kafin ta tattaro ƙarfin halin fitowa, gefe guda na kifin ya tafi.

Mutane suka hauro daga bakin ruwa suka tsaya cirko-cirko. Sai wani saurayi ya kasa riƙewa ya tuntsire, daga nan kowa ya ɗauka, har da masu riƙe ciki suna zama a ƙasa. Okante ne ƙarshen isowa, jiƙe sharkaf. Ya dubi akushin, ya gane na gidan su wa ne, ya dubi bakin Kunkuru da ke ƙyallin manja. Shi kuwa baƙon, ganin mai kujera ya zo, sai ya matsa gefe, ya tura masa akushin da fara'a. "Ci, aboki. Ci."

A lokacin Iya Numa ta gane ɓarnar da ta yi, kuma tsohuwar akwai dabara. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Okante, sa hannu. Ni dai idona bai ga wanda ya fara ba, kuma abin da ban gani ba bai faru ba. Sa hannu, ɗan nan."

Ƙofa ce aka buɗe masa a fili. Loma ɗaya ta ishe shi. Amma samarin da suke rawa tare suna nan suna kallonsa, haƙora a waje, wani har yana cewa, "Ango biyu, bismilla!" Okante ya ɗaga kai sama kamar zakara.

"Ni ba na cin saura," ya ce.

Ba takobi ya zare ba, amma maganar ta yi aikinsa. Sabadu ta fito daga bayan shinge, tsoron nan duk ya ƙone, ta tsaya gabansa kanta bai kai kafaɗarsa ba. "Ka faɗa, kowa ya ji. To ni ma a ji tawa. Hannun nan ba zai ƙara dafa maka ba, Okante, ko yunwa za ta kashe ka a ƙofata." Ta juya ga baƙon ta tura masa akushin da ƙafa. "Cinye, mijina. Har ƙaya." Ya kuwa cinye, yana lashe yatsu yana jinjina kai, a ransa bai taɓa ganin mutanen kirki masu son dariya irin waɗannan ba.

Washegari tsofaffin mata suka zauna a ɗakin tsafi suka yanke magana, kuma sun yi adalci: wanda bai san abin da ya ci ba, bai ci ba. Sabadu ba matar kowa ba ce, in ta ga dama gobe ma ta sake dafawa. Ke nan babu abin da ya rage tsakaninta da Okante sai bakin da kowannensu ya buɗe a gaban jama'a. Shi ba shi da ikon tambaya. Ita ta rantse. Wauta ce tsagwaronta, mu da muke ƙaunarsu ma mun faɗa, amma wauta ce irin wadda ba mai iya cire wa mutum sai shi.

Don ta ƙona masa rai, sai ta ce ai mijinta ya ci, gida za ta gina. Ta zaɓi fili a kan hanyar da Okante ke bi kullum, ta fara kwaɓa laka. Kunkuru, da yake kwalekwale ba kullum yake zuwa ba, ya ga aiki ya tuɓe takalma ya shiga taya ta. Haka ya yi ta tattaka lakar gidan aurensa yana waƙa da yarensu, mata na wucewa suna yi masa sannu da aiki, ango. Da yamma ya shimfiɗa wata babbar takarda mai zanen ƙasashe a kan yashi ya nuna mata da yatsa: zai zaga tsibiran nan, ya koma tudu, ya bi bakin teku ya yi ta kudu har inda ƙasa ta ƙare. Sabadu ta dubi tsawon hanyar, ta dubi 'yan ƙafafunsa.

"Wa ya kore ka daga gidanku?"

Ba wanda ya kore shi, in ji shi.

"To me ka yar a can da za ka je nema?"

Ya yi dariya ya ce shi ma sai ya je zai sani. Ta daɗe tana tuna wannan amsa.

Bango ya kai kafaɗa lokacin da kwalekwale ya dawo. A cikin ɗakin da ba rufi Kunkuru ya yi kwanakinsa na ƙarshe, ƙarƙashin gidan sauronsa. Da safen da zai tafi ne malamin makaranta ya ga abin ya isa, ya ja shi gefe ya warware masa abin da ya ci. Mun ɗauka ba zai iya ƙara ja ba, ashe da saura. Ya cire hula, ya zo gaban Sabadu yana ta in-ina, ya kwance 'yar tukunyarsa daga jikin jaka ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa. Ta ga idonsa ya kawo ruwa, sai tausayinsa ya kama ta, don a duk abin nan shi kaɗai ne bai yi laifi ba.

"Tafi yawonka, Kunkuru," ta ce, malam na fassarawa. "In ka gaji ɗakinka na nan. In ka gamu da 'yan'uwanka masu gida a baya, turo min su, kada su je su ci abin da zai ɗaure su."

Bai dawo ba, ko labarinsa ba mu ƙara ji ba. Amma ya cika alkawari. Da rani ya zagayo sai ga wasu biyu sun sauka da sunanta a bakinsu, sun ce wani ne ya faɗa musu a wata tashar mota can ƙasar Gini. Bayansu wasu suka zo, su ma suka faɗa wa wasu. Haka sana'a ta samu Sabadu ba ta neme ta ba.

A shekarar ce Kinta, 'yar unguwar gabas, ta ajiye akushi gaban Okante. Ya ci, kamar yadda namiji ke ci. Kinta mutuniyar kirki ce, ba wanda ya taɓa jin kansu da Sabadu. Ranar jinkar gidanta Sabadu ta fi kowa ɗauko ciyawa, tana tafe tana ba'a. Kukanta a gonar shinkafa ta yi shi, inda in an ji murya za a ce tsuntsaye take kora. Daga baya ita ma ta ɗauki Zeka mai hawan bammi, da kifin da ƙanwarta ta dafa mata, suka haifi 'ya ɗaya. Damina biyu ya yi, ta gaji da mutumin da ke shanye rabin abin da ya sauko da shi, ta fitar masa da tabarma da igiyar hawansa ƙofar gida. Ko shi bai taɓa kwana a ɗakin miji ba.

Okante kuwa ya samu kwalekwale mai inji, ya zama shi ke ɗauko baƙi daga Bubake. Ba aikinsa ba ne ya kai su masauki, amma bai taɓa barin wani ya kai su ba. Zai saɓa jakar a kafaɗa ya hauro, baƙo na binsa a baya yana haki, ya tsaya daidai bakin baranda.

"Sabadu! Fito, ga dangin mijinki sun zo."

"Ajiye nan, Ba-na-cin-saura. Ka dai jiƙa musu kaya kamar kullum."

"Teku ce ta jiƙa. Wannan ɗin ki kula da shi, ya fi na farkon yunwa."

"Da ruwanka? Kai dai da ba ka ci."

Sai ya zauna kan wani tsohon turmi da ke kife a waje, ta miƙo masa ruwa a ƙwarya. Ruwa kawai. Bai taɓa taka barandar ba, ita kuma ba ta taɓa cewa ya shigo ba. Yaran da aka haifa suna jin wannan faɗa sun girma sun haifi nasu ana yinsa, ba a canja ko kalma ba.

Sabadu ba ta taɓa wuce Bubake ba, amma ba na jin akwai wanda ya kai ta sanin farkon tafiya. Ta fi son su a ranar da suka sauka, takalmi sabo, ido a buɗe, komai suka gani sai sun taɓa. Kafin ta ba mutum abinci sai ta sa ya zazzage jakarsa a tabarma. Ta tsuguna tana ɗagawa ɗaya-ɗaya. "Wannan rigar sanyin fa, uban wa za ka sa wa a nan? Takalmi uku, ƙafa nawa gare ka?" Ta kan ce a ranar farko rabin jakar kowa tsoro ne ya cika ta. Abin da ta raba su da shi sai ta rataye a itacen rufin ɗakin miji, wai in sun dawo su ɗauka. Rufin ya cika da takalma da huluna da littattafan da gara ta karanta, ga 'yar tukunyar Kunkuru a tsakiya. In sun tashi tafiya ta raka su bakin ruwa, ta gyara musu igiyar jaka kamar mai ɗaura wa yarinya goyo, ta tsaya har kwalekwalen ya zama ɗigo.

Baƙin da sun fi zama. Sukan yi wata guda, su bi mata laka tsintar ƙumba, su koyi gaisuwa, su yi zazzaɓi ta yi jinyarsu da ganye. Na baya-bayan nan kuwa suna sauka waya a hannu, su hau kan suri suna ɗaga ta sama kamar masu roƙon ruwa. Duk da haka ba ta taɓa fasa zazzage musu jaka ba.

Kinta ta rasu bayan gajeriyar jinya, aka yi makoki aka share. Daga nan ƙauye ya zuba hanci yana jiran ƙamshin manja daga gidan Sabadu. Rani ya wuce, damina ta wuce, wani ranin ya zo. Ƙawayenta suka gaji da zagaye-zagaye suka fito mata a fili.

"Ke Sabadu, waɗanda suka ji rantsuwar nan fa rabinsu suna ƙasa."

"Ni da na yi ta ina sama."

Wani lokaci akan wayi gari da jan kifi rataye a ƙofarta, da ƙullin nan da ta sani. Sai ta gasa shi ta ba baƙi, ta aika wa turmi ruwa a ƙwarya. Tana son mutumin nan kamar ranar da ta laɓe a bayan shinge, kuma duk sanda ta ɗauko kwalbar manja sai ta ji muryarsa a gindin rimi, ta mayar ta ajiye.

Tsufa bai jira su ba. Gwiwoyin Okante suka ƙi, idonsa ya fara hazo, ɗansa Tino ya karɓi kwalekwalen. Gidan Kinta kuwa na Kinta ne, 'ya'yanta mata sun yi nasu, damina ta cinye bangon gabas. Namiji a nan in ba shi da macen da ta gina masa, ba shi da wurin zama. Wata la'asar ya hauro ba jaka a kafaɗa, ya zauna kan turmi, ya daɗe yana juya ƙwaryar ruwan.

"Tino ya ce in ya kawo baƙi wannan karon, da ni zai koma. Bisau. Wai ɗakin a sama yake, ruwa na zuwa har ciki."

"Sai yaushe?"

"Sai dai a kawo ni."

"To ka gai da masu ruwa a ɗaki," in ji Sabadu. Ta shige ciki ta zauna a gefen gado.

Ranar da ake sa ran kwalekwalen, ta buɗe ƙofa da sassafe ta ga jan kifi a rataye. Ƙullin ya yi sako-sako, yatsun da suka yi shi ba su da ƙarfin da. Wa ya kamo masa, ba ta sani ba. Ta tsaya tana kallon ƙullin nan har rana ta taɓa baranda. Sannan ta ce wa kanta, "Sabadu, ke dai jaka ce," ta shiga ta ɗauko manja.

Kafin hantsi ƙamshi ya gama ƙauyen. Matan da suka share ƙofar gidansu da safe suka sake fitowa da tsintsiya. Sabadu ta fito da akushi riƙe da hannu biyu, ta bi hanyar bakin ruwa, jama'a na binta nesa-nesa kamar ba ita suke bi ba. A ranta tana ta nanatawa: ba zan ajiye ba, ko sama za ta faɗo ba zan ajiye ba sai a gabansa.

Okante na gindin rimi a kan 'yar kujerarsa, da ƙunshin kaya a gefe, wanda bai kai rabin jakar baƙo ba. Saura taku kaɗan ta isa gare shi sai ga kwalekwalen Tino ya daki yashi. Baƙuwa ɗaya ya kawo, yarinya siririya, fuskarta ta yi fari fat don amai, jakarta kamar ta haɗiye ta. Ta sauko ta yi taku biyu cikin ruwa, igiyar ruwa ta doke ta, ta kife da fuska, jakar ta danne ta.

Hali dai hali ne. Sabadu ba ta san sanda ta dire akushin kan saiwar rimi ba. Ta faɗa ruwa da zanenta, ta ciccibo yarinyar, ta zare mata jakar, ta tura yarinyar wajen mata ta ce a kai ta inuwa, ita kuma ta tsaya tana jan jakar tana wanke Tino tas. "Haka ubanka ya koya maka sauke baƙi? Shi ko jiƙa kaya yake yi, bai taɓa nutsar da mutum ba!"

Okante ya ji ƙamshin tun tana nesa. Yana zaune, akushin na can gefensa inda hannu zai iya kaiwa, amma ba gabansa aka ajiye ba, kuma namiji ba ya miƙa hannu ga abin da ba a ajiye masa ba. Ya dafe gwiwoyinsa ya jira. Matan kuwa hankalinsu ya tafi ga faɗan da ake yi a ruwa. Yarinyar da aka zaunar a inuwa ta dawo hayyacinta, ta ga abinci kusa da ita yana tururi, ba mai shi. Ta duba hagu ta duba dama. Ta sa yatsu biyu ta gutsuri gefen kifin ta kai baki, ta lumshe ido.

Ihun da aka yi har tsuntsayen rimi sai da suka tashi. Yarinyar ta daskare da yatsu a baki. Wata ta yi maza ta ce, "Mace ce! Ai mace ce, ba a ɗaura komai ba!" Amma ba wanda ya yi dariya wannan karon.

Sabadu ta hauro ruwa na zuba daga zanenta. Ta ɗauki akushin ta dubi gurbin da yatsu suka bari. Shekarun nan duk, kuma ga shi ta sake yin abin da ta yi. Ta ji kamar ta watsar da shi a teku ta koma gida ta rufe ƙofa. Sai ta dubi ƙunshin kayan da ke gefen Okante. Ta taka ta isa gabansa, ta durƙusa gwiwoyinta na ƙara, ta ajiye akushin tsakanin ƙafafunsa, ta ɗaga kai ta kalli cikin idonsa.

"An riga ka kuma," ta ce. "Saura ne."

Okante ya jawo ƙwaryar ruwa ya wanke hannu, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"To ni fa mene ne?" ya ce. "Kinta ta ci rabonta, teku ta ci nata. Abin da kike gani zaune a nan, Sabadu, ai saura ne."

Ya sa hannu daidai inda yarinyar ta gutsura, ya kai baki. Ya tauna, hawaye na bin kumatunsa, ya ce barkono ya yi yawa. Ta ce in bai yi masa ba ya bari. Bai bari ba.

Tino ya matso yana sosa ƙeya. "Baba, ruwa fa na janyewa."

"Bar shi ya janye. Ka gai da ɗakin sama."

Da ya gama ya lashe yatsu, ya miƙe da kyar. Tino ya kai hannu zai ɗauki jakar baƙuwar, ya buge hannun. Ya saɓa ta a kafaɗa yana tangaɗi, Sabadu ta ɗauki ƙunshinsa ta ɗora a ka, yarinyar na binsu a baya ba ta san laifin da ta yi ba, ba ta kuma san dalilin da tsofaffin mata ke shafa mata kai ba. A bakin baranda ya sauke jakar inda ya saba saukewa. Ya dubi turmin. Sannan ya dafa ginshiƙi, ya ɗaga ƙafa ya hau.

Sabadu ta juya ga baƙuwar, ta nuna mata ƙofar hagu.

"Ke 'yata, zazzage jakarki in gani. Amma a ɗakina za ki kwana. Wancan mai shi ya zo."